Haƙoran dutse a adakar marigayi Babanmu, don Allah wa zai gane min su?

Ɗan_Tudun_Wada:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman wanda ya san harkar duwatsu ko tsofaffin ƙasusuwa ya taimaka min, abin ya tsaya min a rai sosai.

Mahaifinmu ya rasu bara cikin watan Sha'aban, Allah ya jiƙansa, to bayan an gama rabon gado sai aka bar wata tsohuwar adakar ƙarfe a ɗakinsa wadda ba wanda ya waiwaya saboda takardu ne kawai a ciki da tsofaffin rasit da katin aikinsa na da, ni na ce a bar min. Satin da ya wuce ina kwashe takardun sai na ci karo da gwangwanin Bournvita irin na da ɗin nan da sai an sa gindin cokali ake ɓalle murfin, na girgiza na ji kamar tsakuwa, ina buɗewa sai ga haƙora. Wallahi haƙora sak amma sun zama dutse, in ka ƙwanƙwasa ɗaya a jikin tangaran ƙara yake kamar kwalba. Na juye su a tire na ƙirga, guda 37.

Hoton da na ɗauka da waya bai fito ba shi ya sa zan yi bayani da baki. Mafi yawa, guda 22, ƙanana ne sirara masu tsini kamar ƙayar aduwa, wasu baƙi-baƙi wasu ruwan ƙasa mai duhu, babban cikinsu bai wuce santimita 2 da rabi ba a rula. Su suka fi cinyewa, bakinsu ya dakushe sun yi sumul kamar tsakuwar rafi, wasu gindin ya rabu biyu kamar gwafa wasu kuma gindin ma ya gutsure babu shi. Sai manya guda 3 kalar yashi, babban ya kai santimita 6, kamar kan mashi, kowane gefe da ɗan ƙaramin tsini. Akwai guda 4 masu faɗi da suka karkata gefe ɗaya, su ma kalar yashi, in ka bi bakinsu da farce za ka ji kamar bakin lauje. Sai wasu 6 da ni ban ma ga kamar haƙori a jikinsu ba, 'yan sanduna ne, sama sumul ƙasa layi-layi kamar karyayyen mataji. Na ƙarshe guda 2 mulmulallu masu tsini kamar ƙahon ɗan akuya da ya fara fitowa.

Yayana ya ce kayan magani ne in zubar ko in ba masu saida magani a kasuwar Sabon Gari, Hajiyarmu ta ce sam Baba bai taɓa wannan harkar ba, ƙanina ɗan sakandare kuma ya ce haƙoran kifin shak ne. To na mene ne, kuma ina Baba ya samo su? Ko a bakin kogin Kubanni ko na Galma ake tsintar irinsu? Don shi dai nan Zariya aka haife shi nan ya rasu, in ka cire 'yan shekarun da ya yi a Sakkwato yana saurayi yana tuƙa motar ma'aikatar ruwa. Ba sayarwa zan yi ba, so nake in san abin da ya sa ya ɓoye su shekara da shekaru a ƙarƙashin takardunsa masu muhimmanci.

Abba_Kongo:

Allah ya jiƙan Baba. Yaya manyan nan uku ai megalodon ne wlh, na sha ganinsa a YouTube, ƙaton shak ɗin nan da ya fi mota tirela. Ka jiƙa su a ruwan khal ko Hypo su kwana su yi fes sai ka sake ɗaukan hoto mu gani.

Mai_Duwatsu_Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba ya ba ku haƙurin rashi. Kafin komai ɗan'uwa don girman Allah kar ka sa su a khal, kar ka sa a Hypo. Khal asid ne, cin dutse yake, Hypo kuma zai kashe musu kala ya bar gindin yana marmashewa, kuma kalar nan shaida ce da za mu buƙata. Busasshen burushin goge baki mai laushi ya wadatar.

Ni ɗalibar jiyoloji ce a ABU, ina digiri na biyu kuma a kan duwatsun yankin Sakkwato nake aiki, shi ya sa ina karanta bayaninka na ajiye abin da nake yi.

Ƙaninka ya yi gaskiya, mafi yawansu na shak ne. Shi shak ba shi da ƙashi irin na sauran kifaye, jikinsa guringuntsi ne, in ya mutu ruɓewa yake, galibi haƙori ne kawai ke da taurin da zai jure. Ga shi kuma haƙoransa jeri-jeri suke, na gaba na zubewa na baya na matsowa har ya mutu, kifi ɗaya sai ya zubar da dubbai, shi ya sa suke da yawa a duk inda tsohon teku ya taɓa kwanciya. Kalar kuma ba ta kifin ba ce, ta ƙasar da ta binne haƙorin ce, ma'adinan wurin ke shiga ciki a hankali. Maganar yayanka ma kar ka ga laifinsa, a Turai an yi ɗaruruwan shekaru ana rataya irinsu a wuya don tsarin guba, ana ce musu duwatsun harshe, sai a 1667 wani masani ɗan Denmak mai suna Steno ya fito da bayanin kan wani ƙaton shak da ya feɗe, ya nuna haƙoransa da duwatsun nan abu ɗaya ne.

Amma fa ba daga Kubanni ko Galma ba ne, wannan kam na tabbata. Zariya a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda kake gani a Kufena, giranit da danginsa, sun haura shekara miliyan 500 kuma daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa suka samu, ba a samun burbushin halitta a cikinsu. Sakkwato ce amsar. Tsakanin wajen shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce wani teku marar zurfi ya riƙa shigowa yana janyewa ta inda hamadar Sahara take yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya. Lakar da ya bari ita muke kira da sunayen garuruwan can, shimfiɗar Dukamaje, ta Wurno, ta Dange, ta Kalambaina. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato ƙasan tekun nan ne.

Abba, ba megalodon ba ne. Shi haƙorinsa bakin zarto gare shi tun daga sama har ƙasa, babbansa na kai santimita 18, kuma ya rayu ne daga wajen shekara miliyan 23 zuwa 3.6 da suka wuce, lokacin tekun Sakkwato ya daɗe da ƙafewa. Babban haƙori mai sumul ɗin baki da ɗan tsini a kowane gefe ya fi kama da Otodus obliquus, wanda ake ɗauka kakan kakan megalodon ɗin ne. Guda 4 masu bakin lauje kuma Squalicorax nake zato, shi ya ƙare tare da dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce, ka ga ke nan ya riga Otodus, ba zamaninsu ɗaya ba. 'Yan sandunan mataji haƙoran wani kifi ne ɗan'uwan shak mai faɗi kamar faifai, a jere suke a bakinsa kamar daɓe yana murƙushe masu ɓawo da su, sumul ɗin shi ne wajen tauna, layi-layin shi ne saiwa. Mulmulallun biyu ba na shak ba ne, haƙorin shak fuska ɗaya a shafe take ɗaya a kumbure, mulmulalle kam ko kada ko ƙaton ƙadangaren teku da ake kira mosaso.

Ƙananan 22 ɗin nan su ne aiki, kuma gara in faɗa maka tun yanzu kar ka sa rai kowane zai samu cikakken suna. Abubuwan da muke dubawa su ne farkon abin da gogewa ke cinyewa: 'yan tsinin gefe, tsagin da ke tsakiyar saiwa, da wasu sirararan layuka a fuskar da ta kumbura. Misali akwai wani shak mai suna Striatolamia da layukan nan ne tambarinsa, in suka goge sai ya koma daidai da danginsa uku ko huɗu masu siririn haƙori. Sannan a baki ɗaya ma haƙorin gaba a miƙe yake siriri, na gefe gajere ne a karkace, har mutum ya rantse kifi biyu ne. Ka nemi gilashin masu gyaran agogo, ka fita rana da safe ka karkata haƙorin haske ya bi ta gefensa, ka duba ko da saura layi kusa da gindi, ka duba kafaɗun ko akwai ɗan tudu inda tsini ya karye.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai, kala biyu. Baƙaƙen na yarda da Sakkwato, amma bakwai ɗin nan masu kalar yashi sun yi kyau da yawa. Baba ya taɓa fita ƙasar waje, musamman Maroko? Kuma ka koma cikin adakar ka duba takarda-takarda, ko da kalma ɗaya ce ta sunan gari, ta fi min hoto goma amfani.

Alhaji_Na_Dange:

Ɗana, Allah shi jiƙan mahaifinka, shi kyauta namu zuwa. Ni mutumen Dange na, amma na fi shekara talatin nan Sabon Gari ina sai da hatsi, jikana ya karanta min wanga zance na ce sai na sa baki.

Abin ga da malama ta faɗi gaskiya na. Muna yara in damina ta wuce munka fita kiwo, cikin kwazazzabai inda ruwa ya zaizaye laka nan muke tsintar su, baƙaƙe ƙanana, tare da wasu dunƙulallun duwatsu da daga baya anka ce na takin zamani na. Haƙoran dutsi kawai muke ce musu, mu cika aljihu mu yi wasa mu zubar. Tsofaffinmu kuma cewa suke tun ruwan Dufana na.

Tunda ka ce motar ma'aikatar ruwa shina tuƙawa, to ni na ga yadda anka yi. Zamanin jihar Arewa maso Yamma ana gina rijiyoyin siminti ƙauye-ƙauye, mota ka kawo siminti da rodi da masu gini. Mai gina shina ciki shina cika guga, na sama na jawowa suna juyewa gefe, ƙasa ta taru tsibi-tsibi kowace da kalarta, farko jar marmara, sannan fara, sannan laka mai duhu mai ɓarewa falle-falle, sai an wuce ta a kai ga rairayi mai ruwa. Direba ba shi da aiki sai jira, zaune shike bakin tsibin nan wuni guda. Mutum mai lura dole idonsa shi kai ga abu mai ƙyalli cikin laka. Mahaifinka mai lura na, mu da munka tashi cikinsu ko ɗaya ba mu aje ba.

Kar ka ba masu magani. Ka tambayi Hajiya da kyau, mata ba su mantuwa da irin wanga abu.

Ɗan_Tudun_Wada:

Baba Alhaji na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, wallahi ina karantawa kamar ina ganinsa zaune a bakin rijiyar. Malama Allah ya saka da alheri. Abba na gode, Allah ya sa ban riga na jiƙa ba.

Jiya bayan isha'i na zauna da Hajiya na karanta mata duka. Da na zo kan Maroko sai ta ce ai kuwa, Baba ya je ziyara Fas wajen Shehu Tijjani da jama'ar zawiyarsu, ni lokacin ina firamare, ta ce ya dawo da carbi da turare da jar hula, da wani ƙullin takarda da ya ce a kasuwa ya gani ya saya don irin na Sakkwato ne amma manya. Ita ta ɗauka duwatsun ado ne ba ta sake bi ta kai ba.

Sai na koma adaka kamar yadda kika ce. A cikin murfin gwangwanin ashe akwai takarda a naɗe ta manne da tsatsa, yagaggen buhun siminti ne, an yi rubutun ajami da fensir. Na kai wa kawunmu da safe don ya fi ni sanin hannun Baba, ya karanta: rijiya gabas da Wurno, gaba tara, baƙar laka, sai 1974 da lambar boko. Na daɗe ina kallon takardar nan.

Na ari gilashi wajen mai gyaran agogo a bakin PZ na duba ƙananan. Guda 5 na ga layukan da kika ce, sirara ƙwarai kusa da gindi. Guda 7 akwai tudu a kafaɗa. Sauran 10 sumul ba komai. Kuma babban na santimita 6 na lura inda kan ya haɗu da gindi akwai wani layi kamar an shafa wani abu, gindin kuma yashi na fita in na murza. Matsala ne?

Mai_Duwatsu_Samaru:

Alhamdulillah! Ɗan'uwa takardar nan ka riƙe ta da kyau, ka ɗau hotonta yau, ka sa ta a ambulan ita kaɗai kar ka sake naɗewa. Gari, zurfi, irin ƙasa, shekara, abin da ake koya mana mu rubuta a fili ke nan, kuma Baba ya rubuta duka huɗun ba wanda ya koya masa.

Wurno ba ƙaramin wuri ba ne a wannan fannin. Tun 1930 aka raɗa wa wani tsohon kada mai dogon baki suna Wurnosaurus saboda a can aka samo ƙasusuwansa, a 1934 kuma Errol White na gidan tarihin halittu na Landan ya yi rubutu a kan burbushin kifayen lardin Sakkwato. Gaba kaɗan a yankin Goronyo wasu masana 'yan Italiya suka haƙo mosaso da suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, shekara biyu kacal kafin Baba ya zauna bakin rijiyar nan. Sai dai a wajen Wurno shimfiɗun zamani biyu ne ɗaya kan ɗaya, na ƙarshen zamanin dainoso a ƙasa, na bayansa a sama. In guda 5 ɗinka masu layi sun tabbata Striatolamia ne to lakar sama ce, ta Dange, wato bayan shekara miliyan 66, kuma mulmulallun biyu sun fi kusa da kada ke nan tunda mosaso bai tsallako wannan iyakar ba. Na ce in sun tabbata, don akwai wasu ma masu layi, sai na riƙe a hannu.

Guda 7 masu tudu a kafaɗa wataƙila mu kai ga danginsu. Goman da suka yi sumul kuwa abin da za a rubuta musu shi ne haƙorin shak, Wurno, 1974, kuma wannan ba gazawa ba ce, haka ake yi ko a manyan gidajen tarihi. Na fi son haka sau dubu da a laƙa musu sunan da ba a tabbatar ba ya bi su har jikoki. Gogewar ma iri biyu ce ka duba: wadda igiyar ruwa ta yi tun kafin laka ta binne su sumul take kuma kala ɗaya da sauran jikin, wadda ta faru cikin gwangwani kuwa, shekara hamsin suna gugar juna, za ka ga karaya mai kaifi cikinta ya fi haske.

Baba Alhaji, ina gaisuwa, bayaninka na jerin ƙasar rijiya daidai yake da abin da ke cikin taswirarmu, dunƙulallun duwatsun kuma fosfet ne. Abin da lakar ke nunawa teku ne da ya zauna tsawon zamani yana ajiye falle kan falle. Malaman Musulunci ma sun yi irin wannan lura, Albiruni kusan shekara dubu da suka wuce ya duba tsakuwa da ƙasar filayen Indiya ya ce wurin teku ne da rafuka suka cike.

Na Fas kuma, kusan duk haƙoran da ake sayarwa a kasuwannin Maroko daga ma'adinan fosfet na yankin Kuribga suke fitowa, kudu maso gabas da Kasabalanka, inda ake haƙa tun 1921, kuma Otodus da Squalicorax masu kalar yashi su suka fi yawa a tire. Layin da ka gani abu ne sananne, da yawa kan haƙorin na gaske ne amma saiwar ta karye wajen haƙa sai a gina wata da yashi da gam ko filasta. Ka ɗiga ruwan goge jan farce a auduga ka taɓa wuri kaɗan ta baya, in ya yi danƙo to gam ne. Ko da hakan ne kar ka ɓalle, kan na gaske ne kuma haka Baba ya saye shi, a rubuta an gyara saiwa shi ke nan.

Ka raba na Wurno da na Maroko tun yau, kwalin ashana da 'yar auduga, kowane da lambarsa a takarda, kar a rubuta a jikin haƙori. In za ka iya shigowa Samaru ranar Talata da safe ina sashe, mu sa su a madubin ɗakin gwaji in kuma nuna wa malamina. Sannan ƙurar da ke gindin gwangwanin, don Allah ka ce min ba ka zubar ba. In akwai ɓarɓashin baƙar lakar a ciki ana samun haƙora ƙanana kamar ƙwayar gero, wani lokacin ba su goge kamar manyan ba, su za su iya faɗa mana wace shimfiɗa ce.

Ɗan_Tudun_Wada:

Tana nan Malama, ta kai cokali biyu, har da ɓarɓashi masu falle-falle kamar yadda Baba Alhaji ya ce, na juye ta a takarda na ƙulle a leda. Na gwada audugar, ya yi danƙo, na bar shi yadda yake. Kwalin ashana 9 na samu a gida, gobe zan ƙaro a shago. Talata ƙarfe goma insha Allah, kuma ƙanina ya roƙa in zo da shi in ba damuwa.